Babi na Bakwai: Buhu Nawa Aka Sauke a Rimaye?

A baki labarin takin gwamnati yake isowa Rimaye. Wani ya dawo daga Kankia ya ce ya ga tirela a bakin sito. Wani ya ce ɗan'uwansa da ke aiki a sakatariya ya tsegunta masa an fara rubuta sunaye. Kafin la'asar maganar ta zaga majalisu da teburan masu shayi, kowa da irin tasa: wannan ya ce buhu bibbiyu za a bayar, wancan ya ce mutum uku ne za su haɗu a buhu ɗaya. Bayan kwana biyu sai a ji an raba. Wanda ya samu ya ɗaure nasa a bayan babur ya wuce gida. Wanda bai samu ba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya koma lissafin akuyar da zai kai kasuwa. Haka abin yake a Kusada, haka yake a Ingawa da Matazu da Musawa, kuma an daɗe ana haka har mutane sun daina ganin wani abin tambaya a ciki.

Amma akwai abu uku da manomin Rimaye ba zai iya gaya maka da tabbaci ba, ko da kuwa shi ne sarkin noma. Bai san buhu nawa aka ware wa mazaɓarsa ba. Bai san nawa aka cire daga asusun jama'a aka biya a kan kowane buhu ba. Bai kuma san su wa da wa suka karɓa ba, ban da waɗanda ya gani da idonsa. Dukkan ukun a rubuce suke a wani wuri. Babu buhun da ke fita daga sito ba tare da wani ya sa hannu ba, babu ɗan kwangilar da ake biya ba tare da takarda ba. Takardun suna nan, sai dai hanya ɗaya suke bi: daga ƙauye zuwa sakatariya, daga sakatariya zuwa Katsina ko Abuja. Ba sa dawowa inda gonakin suke.

Wanda bai taɓa noma a wannan yanki ba zai iya ɗauka buhun taki ƙaramin abu ne. Ƙasar nan mai rairayi ce mafi yawanta, kuma ta gaji. A da ana barin gona ta huta ta zama saura. Yanzu gado ya yayyanka gonaki har babu mai filin da zai bari shekara guda ba shuka. Makiyayan da ke kwantar da shanu a gona bayan kaka sun ragu, takin gida da ake kaiwa a mangala ko amalanke ba ya wuce gonakin bakin gari. Gero da dawa suna haƙuri, su ba da abin da ya samu. Masara ba ta haƙuri. In ba ta ga kamfa ba cikin makonni biyu ko uku da shuka, ta kuma ga yuriya kafin ta fitar da kai, sai ganyenta ya yi ɗorawa, karanta ya tsaya a gwiwa. Damina kuwa daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba ce, ba ta jiran a kammala taron kwamiti.

Mu yi lissafi da abin da gwamnati da kanta ta faɗa. A daminar 2024 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ta sanar da sayen taki ton 20,000 don sayar wa manoma da rangwame. Ton ɗaya buhu 20 ne masu nauyin kilo 50, ke nan buhu 400,000. Adadin yana da cika kunne. To amma jihar tana da mazaɓu 361 da akwatunan zaɓe 6,652. In aka raba daidai wa daida, kowace mazaɓa, har da Rimaye, za ta tashi da buhu 1,100 da 'yan kai, kowane akwati kuma da buhu 60. Masu rajistar zaɓe a jihar sun haura miliyan 3.5 a 2023, wato a kan kowane akwati akwai mutum fiye da 500, kuma a karkara kusan kowane gida gidan noma ne. Malaman gona kan ba da shawarar buhu 8 zuwa 10, kamfa da yuriya, ga hekta ɗaya ta masara. Buhu 60 ke nan bai wuce abincin hekta 6 ko 7 ba.

Ban kawo wannan lissafi don raina ƙoƙarin kowa ba. Babu gwamnatin jihar da ke da kuɗin da za ta ciyar da kowace gona. Abin da lissafin ke nunawa shi ne dole a zaɓa, dole wani ya samu wani ya rasa, komai gaskiyar masu rabo. Kuma Bahaushe ya san yadda ake raba abin da bai wadata ba a zauna lafiya. In aka yi watanda, a fili ake kasa naman, kashi-kashi, kowa yana tsaye yana ƙirgawa, har wanda ya samu mai ƙashi da yawa ya ɗauka bai ce an cuce shi ba, domin ya ga yadda aka yi. Da za a shige da saniyar ɗaki a rufe ƙofa, a riƙa miƙo wa kowa ƙunshinsa ta taga, da ko waliyyi ne mahaucin sai an zarge shi.

Rufe ƙofar nan tsohon abu ne. Takin zamani ya fara shiga hannun talakan ƙasar Katsina sosai ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma tattara sayen taki da rarraba shi a hannun gwamnatin tarayya. Kuɗin mai yana shigowa, rangwamen ya riƙa kaiwa kashi 80 cikin 100 na ainihin farashi. Dattawan da suka yi noma a zamanin Shagari har yau suna ba da labarin arahar taki, kuma gaskiya suke faɗi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne irin sana'ar da wannan araha ta haifar. Duk inda kaya ɗaya ke da farashi biyu, na gwamnati da na kasuwa, to tazarar da ke tsakaninsu dukiya ce, kuma wanda ya riƙe takardar alokeshan shi ke da ita. Ba sai ya mallaki gona ba, ba sai ya taɓa buhun ba ma. Ya sayar da takardar ga dillali, dillali ya ɗebi kaya a sito, takin ya ɓullo a kasuwa, wani kuma ya bi ta Jibiya ya tsallaka Maraɗi. Gwamnatin Abacha ta janye tallafin a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas. Aka dawo da shi a 1999 a kan kashi 25 cikin 100, jihohi na ƙara nasu a kai. Farashi ya yi ta canzawa, hanyar rabo ba ta canza ba.

Hukuncin da ya fi kowane tsanani a kan wancan tsari daga bakin minista ya fito. Akinwumi Adesina, wanda ya riƙe ma'aikatar gona daga 2011 zuwa 2015, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kashi 11 cikin 100 kacal na manoma ne takin gwamnati ke isa gare su. A 2012 ya kawo shirin GES, wanda manoma suka fi sani da takin waya. Gwamnati ta fita daga saye da dako. Aka yi wa manoma rajista, ma'aikatar ta ce sun haura miliyan 10. Saƙo ya shigo wayarka, ka je wurin dillalin da aka amince da shi, ka biya rabin kuɗi ka ɗauki buhu 2, kamfa da yuriya, da ɗan irin shuka. Gwamnatin tarayya da ta jiha su raba sauran rabin.

Ina cikin masu ganin shirin ya yi abin kirki. An ɗora tallafin a kan sunan mutum guda, kuma mutane da yawa da ba su taɓa ganin takin gwamnati ba sun gan shi a waɗannan shekaru. Matsalolinsa ma an san su: ƙauyukan da babu sabis, dattawan da ba sa karanta boko, masu waya ɗaya gida guda, dillalan da ke tsaye a bakin cibiya suna saye daga hannun wanda yunwa ta matsa, da bashin biliyoyin Naira da gwamnati ta bari a wuyan masu kawo kaya har shirin ya durƙushe bayan 2015. Amma akwai wata matsala da ba a cika ambata ba. Rajistar tana cikin kwamfuta a Abuja. Manomi ya san abin da ya shigo wayarsa, bai san abin da ya shigo wayar wani ba. In wani ya rubuta sunaye 50 na mutanen da babu su, ko na mutanen da suke nan amma ba su san an rubuta su ba, kwamfuta ba ta da hanyar ganewa. Mai unguwa zai gane cikin minti biyar. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin masallaci ma za ta gane, don ta san gidan kowa da gonar kowa. Ba a nuna musu ba.

Sai aka zo kan kuɗi mai nauyi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. A takarda bashi ne, mai kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100, ƙasa sosai da na bankunan kasuwa, ana ba da mafi yawansa a matsayin iri da taki da maganin feshi ta hannun ƙungiyoyin manoma. An fara da shinkafa da alkama, aka faɗaɗa zuwa masara da auduga. A Katsina ma aka ƙaddamar da rabon irin auduga a watan Mayun 2019. Zuwa farkon 2023 abin da aka fitar ya haura Naira tiriliyan 1. A wannan shekarar Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar. Babban Bankin ya musanta, ya ce an mayar da kusan kashi 52. Ko da na bankin aka ɗauka, ɗaruruwan biliyoyi ne ba su dawo ba, kuma bashin gwamnati da ba a biya ba ya zama kyauta daga aljihun kowa zuwa aljihun wasu.

Su wane ne waɗannan wasu? Nan ne abin ke ƙona min rai. Domin rashin jerin sunaye a fili ya sa laifin ya faɗa kan kalma ɗaya, wai "manoma ba sa biyan bashi". A cikin wannan jimla an cusa mutumin da ambaliya ta cinye gonarsa, da wanda 'yan bindiga suka hana shi girbi, da wanda kayan suka iso masa bayan lokacin shuka ya wuce, da wanda ya biya har ƙwandala ta ƙarshe. An kuma ɓoye manomin bogi, mai gona a cikin jaka, wanda ya tara hotuna da lambobin mutane ya karɓa da sunansu. Shi ba abin da ya same shi. Mai gaskiyar ne gobe in ya je banki za a ce masa irinsu ba abin yarda ba ne.

Wani zai ce ai ko'ina haka tallafin gona yake, kuma da gaskiyarsa. Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan noma, kuma shekaru da dama ba a san takamaiman masu karɓa ba. 'Yan jarida ne suka matsa. Denmark ta fara sakin bayanan a 2004. A 2005 Birtaniya ta bi, bayan dokar 'yancin samun bayanai ta fara aiki. Da aka buɗe, sai ga kamfanin sukari na Tate & Lyle a kan gaba da fiye da fam miliyan 100 a shekara guda, ga gonakin Sarauniya Elizabeth da ɗaruruwan dubban fam, ga manyan masu filaye 'yan gado. Babu wanda ya karya doka a cikinsu. Tsarin ne aka gina yadda mai babban fili ke kwasar babban rabo, har hukumar Tarayyar da kanta ta yarda cewa kusan kashi 80 na kuɗin yana tafiya ga kashi 20 na masu karɓa. Talakan Turai yana biyan haraji da zaton yana taimakon ƙaramin manomi mai 'yan shanu a gefen dutse. Sai da ya ga sunayen ya san inda kuɗinsa ke kwana.

Daga 2009 aka wajabta wa kowace ƙasa a Tarayyar ta wallafa sunayen. Wasu manoma a jihar Hesse ta Jamus suka kai ƙara, suka ce an tona musu asiri ba gaira ba dalili. A watan Nuwamban 2010 kotun Tarayyar ta ba su gaskiya a kan abin da ya shafi ɗaiɗaikun mutane. Aka koma aka sake doka a 2013: za a ci gaba da wallafa suna da gari da adadin kuɗi, amma wanda abin da ya karɓa bai wuce Yuro 1,250 a shekara ba, lamba za a sa a madadin sunansa. Babba a fili, ƙarami a rufe.

Wannan ƙorafi na Jamusawa ba abin wasa ba ne, kuma a ƙasar Katsina ya fi nauyi. Mutumin da ya kwana yana jin harbi daga ƙauyen da ke kusa ba ya son sunansa a kowace takarda da ke nuna ya samu wani abu. Ta'asar 'yan bindiga da ta addabi Matazu da Musawa ta taɓa sassan Kankia, kuma kowa ya san ba sa shiga gari sai da infoma. Ga kuma hassada, ga 'yan'uwa masu zuwa a sam musu tiya ɗaya. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Duk wanda ya zo da maganar wallafa sunaye bai tsaya a kan wannan ba, bai san wurin ba.

Na tsaya a kansa, ga kuma inda na tsaya. Buhu 2 ba asiri ba ne a ƙauye. A bayan babur ake kawo shi da rana tsaka, a zaure ake sauke shi, kuma bayan mako uku launin masarar zai faɗa wa duk mai wucewa. Infoma ba ya jiran takardar gwamnati kafin ya san mai shanun huɗa da mai cikakken rumbu. Sannan takin rangwame saye ake yi, mutum ya biya kuɗinsa, babu kunyar da ke tattare da karɓar zakka. Don haka rufe jerin bai kare ƙaramin manomi daga komai ba. Wanda ya kare shi ne wanda buhunansa ba sa bi ta ƙauyen sam, wanda aka cire masa tun daga sama da sunan kason masu ruwa da tsaki.

Saboda haka tsarin Turai ba zai zauna mana yadda yake ba. Su suna da taswirar kowace gona da hoton tauraron ɗan'adam da masu binciken da ke zuwa su auna, shi ya sa za su iya rufe sunan ƙarami ba tare da an yi musu cushe ba. Mu abin binciken da muke da shi maƙwabta ne. Ƙananan sunaye a karanta su a inda aka san masu su: a manna a bangon makarantar firamaren da akwatin yake, a ƙofar gidan dagaci, a kuma karanta da baki, da Hausa, don wanda ba ya karatu. Suna da unguwa da yawan buhu sun isa. Kada a sa lambar waya, ko lambar katin ɗan ƙasa, ko ta banki, kada kuma a ɗora su a intanet inda baƙo daga ko'ina zai gani. Manyan kuwa duniya ya kamata ta gani: kamfanin da aka ba kwangilar kawo takin da farashin kowane buhu, ƙungiyar da aka ba tirela, ofishin da aka ware wa kaso, babbar gonar da ta karɓi tarakta ko famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da duk wanda ya karɓi abin da ya wuce na gida ɗaya. Waɗannan a jarida da rediyo da shafin gwamnati. A watan Maris na 2024 Babban Bankin ya miƙa wa ma'aikatar gona ta tarayya buhu miliyan 2.15 na taki, wanda aka ce darajarsa ta haura Naira biliyan 100. Kaya irin wannan ya kamata ɗan Kusada ya iya bin sawunsa daga Abuja har sitonsu, tirela bayan tirela.

Gwamnatin Dikko Raɗɗa ta karkata ga sauko da irin wannan rabo zuwa kwamitocin mazaɓu, ta kuma ɗauki malaman gona 722, bibbiyu ga kowace mazaɓa. Mataki ne mai kyau, don ya rage hannuwan da kaya ke bi. Amma kada a ɗauka kusanci kaɗai magani ne. A yankin Kilimanjaro na Tanzaniya an ba kwamitocin ƙauye rabon takardun rangwamen taki, sai wani bincike da Lei Pan da Luc Christiaensen suka wallafa a 2012 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na takardun sun tafi gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauyen. Ba sai mutum ya zama mugu ba. Ka ba dattijo buhu 60 da mabuƙata 300, cikinsu akwai surukinsa da limaminsa da wanda ya ranta masa kuɗi bara, ka kuma ce masa ba wanda zai ga takardar. Ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Jerin da za a manna a bango shi ne abin da zai nuna wa surukin ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kowa zai gani."

An gwada, an ga aikinsa. A Yuganda bincike ya nuna tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu duk wata, ta sa makarantu su manna nasu a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Akwai wasu gyare-gyare da aka yi tare, amma makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi ganin canji. A jihar Rajasthan ta Indiya kuwa, tun daga 1994 wata ƙungiyar leburori da ƙananan manoma ta riƙa samo takardun biyan ma'aikatan ayyukan gwamnati tana karanta su da lasifika a dandalin ƙauye. Mutane suka ji an kira sunayen matattu a cikin waɗanda aka biya, suka ji nasu sunayen a kan kuɗin da ba su taɓa gani ba. Wannan karatu a dandali yana cikin abin da ya haifar wa Indiya dokar 'yancin samun bayanai a 2005.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin zaɓe hukumar zaɓe tana manna rajistar masu jefa ƙuri'a, da suna da hoto, don kowa ya duba ya yi ƙorafi. Ranar zaɓe ana ƙirga ƙuri'a da ƙarfi a gaban jama'a, a manna sakamakon a bangon akwatin. Bangon nan dai shi ne, mutanen nan dai su ne. In ana iya yi wa ƙuri'a haka a Rimaye, ana iya yi wa taki.

Jerin da aka karanta a fili yana kuma nuna waɗanda ba sa ciki, kuma ina ganin wannan ya kai kama manomin bogi muhimmanci. Matar da ke cikin gida tana noma gayaunarta ta hannun 'yan ƙwadago, da kuɗin ƙosai ko na adashi, sau da yawa ba a ƙirga ta manomiya. In an rubuta gidan, sunan maigida aka rubuta. Gwauruwar da ke riƙe da marayu ba ta zuwa majalisar da ake rubuta suna. Saurayin da ya karɓi aron gona ko haya ba shi da fili da sunansa. Bafulatanin da ke rugar bayan gari yana shuka dawa kamar kowa, amma labari ba ya kai masa sai an gama. In aka karanta suna 60 babu mace ko ɗaya, za a ji shi a kunne, kuma wani zai yi magana. In takardar tana cikin durowa, shekara goma za a yi a haka ba wanda ya lura, har da masu rabon.

A kan takardar nan dole a sa kwanan wata: ranar da kaya suka bar Katsina, ranar da suka iso sito, ranar da aka miƙa wa manomi. Takin da ya iso a tsakiyar Agusta an riga an kashe kuɗin jama'a a kansa, amma amfaninsa ga masarar bana ya wuce, mafi yawansa kasuwa zai koma ko ya jira 'yan noman rani. A rahoton ofis zai fito a matsayin an raba, daidai da wanda ya iso a Yuni. Kwanan watan ne kaɗai zai raba su.

Ba sai an jira sabuwar doka ba. Ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ɗora wa hukumomi wallafa bayanan shigar kuɗin jama'a da fitarsu ko ba a tambaya ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ƙungiyar manoma a Rimaye, ko ta matasa, ko ta mata masu adashi, tana iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar gona ta jiha, ta nemi adadin buhunan da aka ware wa mazaɓar a daminar bara, da farashin da aka saye su, da ranar da suka iso, da jerin waɗanda suka karɓa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Fabrairu ko Maris, ana sharar gona, tun ba a fara rubuta sunayen bana ba. A riƙe kwafin wasiƙar da hatimin ranar da aka karɓa. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. In ta ƙi ko ta yi shiru, mai tambaya yana da kwana 30 ya kai maganar gaban kotu, kuma in kotu ta tabbatar an hana bayanin ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 500,000 ce a kan jami'in ko hukumar.